Tambayoyi da Amsoshi Kan Gina Bel Ɗin Mota Mai Saƙa Daban-Daban a Manhajar Kwaikwayon Haɗari

Wannan shafi na ɗaliban injiniyancin kanikanci ne da malamansu a Kano, musamman masu aikin kammala digiri a Jami'ar Bayero, da jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, da kwalejin fasaha ta jiha, da duk wanda ke son sanin yadda ake sa kwamfuta ta nuna abin da bel ke yi wa ƙirjin mutum a cikin milisakan 120 na karo. Mun fi kawo misali da LS-DYNA saboda ita ce aka fi koyo da ita, amma dabarar ɗaya ce a sauran manhajojin.

Ashe bel ba duk ɗaya ba ne? Me ya sa za a ba shi sifa daban-daban?

A ido kusan duk ɗaya ne: faɗi wajen milimita 47, kauri wajen milimita 1.2, nauyi kusan giram 60 a kowace mita. Bambancin yana cikin zare da saƙa. Yawancin bel na yau da zaren foliyesta ake saƙa shi, na da kuwa akan sami na nailan, wanda ya fi miƙewa kuma ya fi shan laima. Ko a cikin foliyesta ma masaƙa na fitar da shi aji-aji, ana bambanta su da yawan miƙewar da suke yi idan an ja su da ƙarfin kilonutan 11.1, wanda za mu riƙa rubutawa kN.

Ga lissafi mai sauƙi. Ɗauki tsawon mita 1.5 na bel, daga manaɗi, wato na'urar da ke naɗe bel a ginshiƙin mota, zuwa makulli, a ja shi da kN 6. Idan saƙar mai miƙewa kashi 6 cikin 100 ce a kN 11.1, kuma miƙewar na tafiya daidai da ƙarfi, zai ƙara tsawon milimita 49. Idan mai kashi 14 ce, zai ƙara milimita 113. Tazarar milimita 64 ke nan, kusan faɗin yatsu huɗu, kuma a ƙaramar mota wannan na iya zama bambanci tsakanin goshin direba ya bugi sitiyari da ya tsira. Bel mai tauri yana tsare mutum da wuri amma ya matse haƙarƙari. Mai laushi yana sassauta wa ƙirji amma ya bar kai ya yi gaba. Aikin mai kwaikwayo shi ne ya gano inda za a tsaya tsakanin biyun.

Wace manhaja zan yi aiki da ita, tunda lasisi yana da tsada?

LS-DYNA, wadda Ansys ta mallaka tun 2019, tana da bugun ɗalibai na kyauta mai iyakar girman samfuri, kuma ya isa a gina kujera da bel da mutum-mutumin gwaji mara nauyi. LS-PrePost, wadda ake zana samfuri a kuma duba sakamako da ita, kyauta ce. OpenRadioss ta fito fili ga kowa a 2022, ba ta da iyakar girma, kuma tana karanta fayil mai tsarin LS-DYNA. A cikinta LAW114 shi ne kayan bel na layi, LAW119 kuma na ƙyalle. Madymo da PAM-CRASH sai inda aka sayi lasisi.

Da layi zan gina bel ɗin ko da ƙyalle?

Hanya uku ce, kuma kowace da inda take cin riba.

Ta farko, a gina shi da elemen na layi, wato gutsattsarin igiya masu nod (ɗigon mahaɗa) biyu-biyu, da ELEMENT_SEATBELT. Yana da sauri ƙwarai, yana ratsa zobe, wato ƙarfen da bel ke zamewa ta cikinsa, da manaɗi ba tare da rigima ba. Illarsa ba shi da faɗi. Duk ƙarfin yana sauka a kan layi ɗaya a ƙirjin mutum-mutumi, yakan nutse tsakanin haƙarƙari ko ya zame daga kafaɗa ta yadda bel na gaske ba ya yi.

Ta biyu, a haɗa: inda bel ya kwanta a ƙirji da cinya a yi shi da ƙyalle mai faɗin milimita 47, da MAT_FABRIC, inda kuma zai ratsa zoben kafaɗa da harshen makulli a yi shi da layi. Wannan ce muke ba ɗalibi shawara ya fara da ita. Abin lura shi ne tsawon layin da aka bari kafin zobe. Idan bel zai zame milimita 200 ta zoben kafaɗa, to layin da ke gefen da ake jan bel daga gare shi ya wuce haka sosai, domin ƙyallen ba zai iya ratsa zoben layi ba. Da ya iso bakin zobe sai zamewa ta tsaya, ƙarfi ya yi tsalle sama, ka ɗauka sakamako ne alhali kuskuren gini ne.

Ta uku, a yi shi da ƙyalle tun daga manaɗi har ƙasa, da bel mai nod huɗu da ke iya ratsa zobe. Ya fi kama da gaskiya, amma yana son raga, wato jerin elemen da aka yanka bel zuwa gare su, mai tsari: layukan nod su jeru daidai a faɗin bel, adadinsu ɗaya daga farko har ƙarshe, jerin nod na baki kuma a bi da shi daga gefe zuwa gefe ba tare da tsallake ba. Elemen huɗu zuwa shida a faɗi sun wadatar.

Me ake zubawa a cikin MAT_SEATBELT?

Abu huɗu ne ginshiƙi. MPUL shi ne nauyin bel a kowane tsawo. LLCID lambar jadawalin ja ce, wato ƙarfi a kan miƙewa lokacin da ake ɗora nauyi. ULCID ta jadawalin saki ce. LMIN kuma shi ne mafi ƙarancin tsawon da elemen zai kai kafin manhaja ta tsallakar da shi zuwa ɗaya gefen zobe.

Kuskuren da ya fi yawa yana kan jadawalin. Gefen kwance miƙewa ce ba tare da ma'auni ba: kashi 10 cikin 100 ana rubuta shi 0.10, ba 10 ba, ba kuma milimita ba. Wanda ya rubuta 10 ya gina bel mai laushi ninki ɗari, mutum-mutuminsa zai fice ta gilashin gaba. Gefen tsaye ƙarfi ne na dukkan faɗin bel, ba ƙarfi a kan murabba'in milimita ba. Duka jadawalan biyu dole su fara daga sifili da sifili, kuma babu lamba mai ragi a ciki, domin bel ba ya turewa, ja kaɗai ya sani.

Sai ma'auni. Samfurin kwamfuta na mutum-mutumin gwajin karo mai suna Hybrid III na kyauta da aka fi amfani da shi yana kan tsarin milimita, milisakan, kilogiram da kN. A wannan tsari giram 60 a mita shi ne 6.0e-5. Idan samfurinka na milimita, sakan, tan da nutan ne, lambar ta koma 6.0e-8. Wanda ya cakuɗa biyun zai sami bel mai nauyin kilogiram 60 a kowace mita, sai ka ga yana jan kafaɗar mutum-mutumi ƙasa tun kafin karo.

A ina zan samo jadawalin ƙarfi da miƙewa?

A nan gizo ke saƙar, kuma a nan ne yawancin ayyukan ɗalibai ke faɗuwa. Kwafo jadawali daga fayil ɗin misali sannan a ninka shi da 0.8 a kira shi tsohon bel ba bincike ba ne. Jadawali daga injin ja yake fitowa.

Ana buƙatar injin gwajin ja mai ɗaukar aƙalla kN 30, na kN 50 ya fi, domin sabon bel yakan wuce kN 25 kafin ya tsinke. Kada a damƙe bel da muƙamuƙin ƙarfe mai haƙora irin na gwada rodi: haƙoran za su yanke zaren, bel ya tsinke a bakin muƙamuƙi da rabin ƙarfinsa. Ana naɗe kowane gefe ne a kan gangar ƙarfe mai tsaga a tsakiya, wadda mai walda da mai injin yankan ƙarfe za su iya haɗawa. A ɗan ja shi da nutan 200 ya miƙe, a sa alama biyu da alli ko maka a tazarar milimita 200, a ja da gudun kusan milimita 100 a minti. Miƙewa daga waɗannan alamomi ake aunawa, da kyamara ko ma'auni, ba daga tafiyar kan injin ba, saboda bel yana ɗan zamewa a kan ganga kuma injin zai lissafa wannan zamewa a matsayin miƙewa.

Don jadawalin saki, a kai ƙarfi zuwa wajen kN 11, a dawo da shi sifili a hankali ana rubutawa. Za ka ga bel bai koma tsawonsa na farko ba. A yi wa kowane iri gwaji uku aƙalla. A ajiye samfuran kwana guda a ɗakin gwajin kafin a ja su, a rubuta zafi da laimar ranar, domin nailan da aka gwada a watan Agusta ba zai ba da abin da zai bayar cikin hunturu ba.

Za ka lura jadawalin ba miƙaƙƙen layi ba ne, musamman a ƙasa inda saƙar ke warwarewa kafin zare ya ɗauki nauyi. Kada ka goge wannan sashe don ya yi kyau. A can ƙasan ne, ƙasa da kN 4 zuwa 6, bel na zamani ke yin yawancin aikinsa.

Jadawalin saki yana da muhimmanci, ko in maimaita na ja?

Idan ka maimaita, ka gina roba. Duk kuzarin da bel ya karɓa zai mayar wa mutum-mutumi, ya watso shi baya ya bugi kujera da ƙarfin da babu shi a zahiri. Manhajar tana ɗaukar jadawalin saki ta matsar da shi har ya haɗu da na ja a daidai inda sakin ya fara, kuma filin da ke tsakanin layukan biyu shi ne kuzarin da saƙar ta shanye. Jadawalin saki ya kamata ya fi na ja tsayuwa. Don ka ga girman abin, mutum mai kilogiram 78 a gudun kilomita 50 a awa yana ɗauke da kuzarin kusan jul 7,500, kuma dole wani abu ya shanye shi: gaban mota, jakar iska, manaɗi, saƙar bel, ko ƙashin mutum.

Na ba sashen layi da sashen ƙyalle saƙa ɗaya, amma ƙyallen ya fi miƙewa. Me ya faru?

Sashen layi ƙarfi yake karɓa, ƙyalle kuwa ƙarfi a kan yanki yake karɓa, don haka sai an juya. Faɗi 47 sau kauri 1.2 ya ba da murabba'in milimita 56.4. Raba kN 11.1 da wannan, ka sami megafaskal 197. Idan miƙewa a nan 0.10 ce, taurin ya kama gigafaskal 1.97 a ƙiyasin miƙaƙƙen layi. Idan ka zana bel da faɗin milimita 50 a raga amma ka yi lissafi da 47, ka riga ka ƙara masa tauri.

Idan kana zuba cikakken jadawali a MAT_FABRIC da FORM 14, to miƙewar Green da ƙarfi a kan yanki irin na Piola-Kirchhoff na biyu yake so. Miƙewar 0.10 ta zama 0.105, megafaskal 197 kuma a raba shi da 1.1 ya zama 179.

Abu na uku shi ne alƙiblar zare. Ƙyalle yana da zaren tsaye da na kwance, kuma dole na tsayen ya bi tsawon bel. Idan gurbin AOPT, mai zaɓen alƙibla, yana kan sifili, manhaja tana bin layin nod na ɗaya zuwa na biyu a kowane elemen. Idan wasu elemen sun juya, za su ɗauki nauyi da gefensu mai laushi. Kunna nunin alƙibla a LS-PrePost ka bi bel ɗin daga sama har ƙasa da ido.

Nauyi ma haka. Zaren foliyesta yana da nauyin giram 1.38 a kowane santimita kubik, amma saƙa akwai iska a cikinta. Giram 60 a mita a kan yankin 56.4 ya ba da kusan 1.06, kuma wannan ne ake sa wa ƙyalle.

Hanyar tabbatarwa ɗaya ce: gina tsirin bel mai tsawon milimita 200 shi kaɗai, ɗaya na layi ɗaya na ƙyalle, ka ja su a kwamfuta kamar yadda aka ja a ɗakin gwaji. Sai layuka ukun, biyu na kwamfuta da ɗaya na ɗakin gwaji, sun hau kan juna sannan ka ɗora bel a jikin mutum-mutumi. Aikin minti biyu ne, yana ceton makonni.

Zan iya ba bel ɗin kafaɗa da na cinya sifa daban-daban a samfuri ɗaya?

Za ka iya. Kowane sashe a ba shi PART nasa da MAT nasa. Amma ka tambayi kanka ko haka yake a motar. Bel mai maɗauri uku, irin wanda Nils Bohlin ya ƙirƙiro wa Volvo a 1959, a yawancin motocin yau saƙa ɗaya ce doguwa da ke ratsa harshen makulli, don haka kafaɗa da cinya abu ɗaya ne. Inda bambanci ke da ma'ana shi ne mota mai manaɗi biyu, ko guntun bel da ke riƙe makulli, ko sashe mai ɗinkin da aka yi shi don ya farke ya shanye kuzari, ko kuma tsohon bel wanda sashen kafaɗarsa ya sha rana shekara da shekaru alhali wanda ke naɗe cikin ginshiƙin mota bai ga haske ba.

Kada iyakar sifofin biyu ta faɗo a kan zobe. Yadda zobe ke aiki shi ne yana rage tsawon elemen na gefe ɗaya ya ƙara wa na ɗaya gefen. Idan kayansu daban ne, duk milimitar da ta tsallaka ta sauya hali nan take, mai laushi ya zama mai tauri, har sai elemen ɗin ya kai LMIN ya tsallaka gaba ɗaya. Sakamakon shi ne ƙarfi mai tsalle-tsalle. Sa iyakar nesa da zobe fiye da duk zamewar da kake tsammani.

Nawa zan sa gugar zobe?

Wannan lamba ɗaya tana iya danne duk bambancin saƙar da kake nazari. Manhajar tana bin lissafin igiya a kan gungume: ƙarfin gefe ɗaya daidai yake da na ɗaya gefen sau lambar e (kusan 2.718) da aka ɗaga zuwa ƙarfin guga sau kusurwar naɗi. A ce manaɗi yana saki a kN 4, bel kuma ya lanƙwasa radiyan 2 a zoben kafaɗa, kusan digiri 115. Da guga 0.10, kafaɗa za ta ji kN 4.9. Da 0.15, kN 5.4. Da 0.30, kN 7.3. Ba a taɓa saƙar ba, amma ƙirji ya ga ƙarin kN 2.4.

Don haka ana auna ta. A rataya sanannen nauyi a gefe ɗaya na zobe na gaske, a ja ɗaya gefen da ma'aunin ƙarfi, a juya lissafin. Wannan ya dace da Kano ƙwarai: ƙurar hunturu da gumi da maiƙo suna taruwa a zobe da cikin saƙa, shi ya sa za ka ga bel na tsohuwar mota ya ƙi komawa da kansa, yana reto a bakin ƙofa. Idan za ka kwatanta sabon bel da tsoho, auna gugar kowanne da zobensa.

Manaɗina ya ƙi kullewa, ko kuma bel ya ƙare a cikinsa.

Manaɗi ba ya kullewa sai na'urar ji ta ba shi umarni, ta ELEMENT_SEATBELT_SENSOR. Akwai mai jin birkin mota, mai jin saurin fitar bel, da mai bin lokaci. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 16 ta ce manaɗi ya kulle idan ragin gudun mota ya kai 0.45 g, ta Amurka mai lamba 209 kuma ta ce a 0.7 g kafin bel ya fita milimita 25. Inda ake yawan tuntuɓe: idan ka kafe motar wuri ɗaya ka ɗora bugun karo a kan mutum-mutumi da LOAD_BODY, nod ɗin mota ba ya motsi, na'urar jin birki ba za ta ji komai ba har abada. A wannan tsari yi amfani da mai bin lokaci.

Ƙarewar bel kuwa daga rashin tanadi ne. Dole a ajiye isassun elemen a cikin manaɗi tun farko, nod ɗinsu duka a kan nod ɗin manaɗi, ba tare da an haɗe su sun zama ɗaya ba. LFED, tsawon da kowane elemen zai samu idan ya fito, ya kai aƙalla ninki uku na LMIN. Idan mai ƙayyade ƙarfi, wato sashen manaɗi da ke sakin bel in ƙarfi ya kai wata iyaka, zai saki milimita 300, tanadi fiye da haka.

Jadawalin manaɗi ƙarfi ne a kan tsawon da ya fita. Bayan kullewa ma bel yana ƙara fita saboda naɗin da ke kan gangar yana matsewa, kuma yawan wannan ya dogara da saƙar da kuma yawan abin da ya rage a naɗe. Ma'ana, idan ka sauya saƙa, farkon jadawalin manaɗi ma ya kamata ya sauya. Ƙaramar mace mai kilogiram 49 tana barin naɗi da yawa a kan ganga fiye da ƙato mai 101. Sandar murɗawa ta mai ƙayyade ƙarfi kuma ita ce shimfiɗaɗɗen sashen jadawalin, sau da yawa wajen kN 4.

Na sauya saƙa daga kashi 6 zuwa 14 amma matsewar ƙirji ba ta sauya sosai ba. Kuskure ne?

Ba lalle ba. Idan akwai mai ƙayyade ƙarfi, shi ke yanke iyakar abin da kafaɗa za ta ji, saƙa kuwa lokacin isa wannan iyaka kawai take jinkirtawa. Duba tafiyar ƙugu da ƙarfin bel na cinya, a can bambancin ke fitowa, domin cinya yawanci ba ta da mai ƙayyadewa. A motar da ba ta da shi, kamar tsofaffin motocin haya da ke lodi a tashoshin Unguwa Uku da Ƙofar Wambai, saƙar ce ke ɗaukar kusan komai, kuma can ne sifarta ke yin tasiri mai yawa.

Yaya zan kwaikwayi sako-sako, kamar na mai babbar riga?

Wannan tambaya ce mai daraja, kuma mun fi son ganin ɗalibanmu a kanta fiye da maimaita abin da aka riga aka yi a Turai. Mutum-mutumin gwaji riga mai shara-shara yake sawa. Direban da ya fito ɗaurin aure da babbar riga mai aiki, ko wanda ya sa rigar sanyi biyu a watan Janairu, ya sa tazara tsakanin bel da jikinsa. Duk milimitar sako-sako tafiya ce ta banza: mota na rage gudu, mutum na tafiya da cikakken gudunsa, sai bel ya cafke shi daga baya da ƙarfi mafi yawa.

Katin ELEMENT_SEATBELT yana da gurbin SLEN na ƙara tsawon sako-sako a kan elemen. Ko kuma a nisanta bel daga jiki yayin ɗora shi. Gwada sifili, 25, 50 da 100 daban-daban a kafaɗa da cinya, da mafizgi da kuma ba tare da shi ba. Mafizgin shi ne ƙaramin harsashin da ke janye bel cikin 'yan milisakan bayan karo, ana gina shi da ELEMENT_SEATBELT_PRETENSIONER, ta jadawalin janyewa a kan lokaci ko ƙarfi a kan lokaci. Cire shi daga samfuri daidai yake da motar da ta taɓa yin haɗari mafizginta ya tashi ba a sauya shi ba, kuma irin waɗannan suna yawo a titunanmu. Ka sa ido a kan ƙugu: idan bel na cinya ya haura ƙashin ƙugu ya shiga ciki, mutum ya sulale ta ƙasa ke nan, kuma hanji da hanta ne ke karɓar ƙarfin.

Bel zai tsinke da kansa a samfuri idan ƙarfi ya yi yawa?

A tsarinsa na asali, a'a. Idan miƙewa ta wuce ƙarshen jadawalinka, manhaja za ta zarce da layin ta ci gaba da riƙewa ko da ƙarfi ya kai kN 40. Kai ne za ka kwatanta ƙarfin da ka gani da ƙarfin tsinkewa da ka auna. Ƙa'ida ta 16 tana neman aƙalla kN 14.7. Ta Amurka tana neman nutan 22,241 ga cinya da 17,793 ga kafaɗa, kuma ta ce bayan gwajin gogewa bel ya riƙe kashi 75 cikin 100 na ƙarfinsa, bayan gwajin haske kashi 60. Wanda ya sayo tsofaffin bel daga Ƙofar Ruwa, masu gashi a gefe da waɗanda aka ɗinke bayan an yanka, ya ja su a inji, yana da ma'aunin da zai auna su da shi. Inda ƙarfi ya wuce na tsinkewa, a sake gudanar da samfurin a goge elemen ɗin a daidai wannan lokaci don a ga abin da zai biyo baya.

Bel yana ratsa jikin mutum-mutumi, lissafi kuma ya yi nauyi.

Ratsawa daga haɗuwa take. Sashen layi yana son CONTACT_AUTOMATIC_NODES_TO_SURFACE, ƙyalle kuma AUTOMATIC_SURFACE_TO_SURFACE, tare da SOFT 1 ko 2, tunda ƙyalle mara nauyi ne ke haɗuwa da soso da roba. A ɗora bel da ɗan rata daga fata, kada ya fara a cikinta.

Nauyin lissafi sau da yawa daga LMIN ne. Gudun girgiza a saƙar kashi 10 kusan mita 1,360 ne a sakan, don haka elemen mai milimita 10 yana ba da takin lokaci, wato tsawon kowane matakin lissafi, wajen mikrosakan 7, mai milimita 1 kuma ƙasa da ɗaya. Ana sa LMIN kusan kashi ɗaya cikin goma na tsawon elemen. Idan ya yi ƙanƙanta lissafi ya ja jiki, idan ya yi girma bel ya riƙa tsalle a zobe. Saƙa mai tauri tana ƙara rage takin, shi ya sa samfurin kashi 6 yakan fi daɗewa. Saboda ɗaukewar wuta, kunna DATABASE_BINARY_RUNRSF domin ka ci gaba daga inda aka tsaya.

Me zan duba a sakamako kafin in yarda da shi?

Hoton motsi ba hujja ba ne. Fara da fayil ɗin GLSTAT: jimillar kuzari ta yi daidai da aikin da aka zuba, kuzarin haɗuwa kada ya yi ragi mai yawa. Sannan SBTOUT, wanda ke ba da ƙarfin bel na layi, zamewa a kowane zobe, da tsawon da ya fita daga manaɗi. Ga ƙyalle a yanka shi da DATABASE_CROSS_SECTION a karanta SECFORC. Ƙarfin ƙarshen ƙyalle da na layin da ke manne da shi dole su zo ɗaya. A tace ƙarfin bel da matatar sigina ajin CFC 60 bisa ƙa'idar SAE J211, matsewar ƙirji da CFC 600, bugun kai da CFC 1000.

Ma'aunin kwatanci yana nan. A gwajin ƙa'ida ta 16, mai gudun kilomita 50 a awa, ƙugu yana tafiya gaba tsakanin milimita 80 da 200, ƙirji kuma aƙalla milimita 100. Dokar Amurka mai lamba 208 ta sa iyakar matsewar ƙirjin Hybrid III matsakaici a milimita 63, ma'aunin raunin kai na HIC15 kuma a 700.

Idan za ka kwatanta saƙa uku, sauya MAT da farkon jadawalin manaɗi kaɗai, ka bar raga da zaman mutum-mutumi da bugun karo yadda suke, bel kuma a ɗora shi sau ɗaya a yi amfani da wannan ɗorin a duka ukun. Sake ɗora bel na iya matsar da shi milimita 20 a kan ƙashin ƙirji, kuma da yake Hybrid III a wuri ɗaya tak yake auna matsewa, wannan gocewa kaɗai za ta iya sauya lambar fiye da yadda saƙar za ta yi.